Layin da Inna Ta Bar wa Surukinta

Mun tashi da asuba, ana idar da salla, ni da Inna da yayana. Kafin in yi nisa bari in faɗa muku gaskiya, har yanzu raina a ɓace yake, don haka wanda ya zo neman labarin yawon buɗe ido ya yi haƙuri. Asibiti muka nufa a Kano.

Inna ta yi watanni tana ganin jini idan ta zaga, tana ɓoye mana, wai basir ne. Ta sha sassaƙe, ta sha jiƙo, ta sha na mai lasifika a kasuwa. Sai da rama ta fito fili, awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu, sannan muka lallaɓa ta zuwa wurin likita a Ɗambatta. Ya ce ba zai iya yanke magana ba sai an leƙa babban hanjinta tun daga farkonsa har ƙarshensa. Su likitoci kolonoskofi suke ce wa aikin. Siririn tiyo ne mai kyamara a baki, ana zura shi ta dubura a bi hanjin ana kallo a talabijin. In akwai tsiro a nan za a gan shi, kuma ganinsa da wuri shi ne ke raba mai magani da wanda aka makara a kansa. Ya tura mu wani asibiti a birni inda rana ɗaya tak a mako ake yin aikin. Tun da sai an sha maganin wankin ciki kafin a shiga, muka shirya mu isa ana gobe, mu kwana gidan gwaggonmu a Rijiyar Zaki.

Daga ƙauyenmu zuwa bakin titi babu mota, sai babur. Damina ta ja baya, gero ya yi kai ya rufe hanya, raɓa tana jiƙa mana ƙafa. A wajenmu ba ka fita daga wata gona sai ka faɗa bayan dangar wani gida, shi ya sa ba a tafiya a ɓoye. Masu dawowa daga masallaci suna ta ɗaga hannu, “Allah ya ƙara sauƙi, Inna,” ita kuma tana bayan mai babur, riƙe da ni, tana amsa kowace gaisuwa har da tambayar yara.

A tashar Ɗambatta muka samu bas tana lodi. Kuɗin mota ya kusa ninka yadda na san shi, da na yi magana kwandasta ya nuna min gidan mai da haɓa ya juya baya. Aka cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, buhunan masara a ƙarƙashin ƙafa, gwiwa ta kusa taɓa gemu ga masu gemu. Wani bawan Allah ya shigo da zabbi a kwando, suka yi mana waƙa har Kano. Titin kuwa wani wuri sumul, wani wuri direba ya bar hannunsa ya koma na masu tahowa don ya kauce wa rami, mu kuma mu yi ta salati.

Ran nan likita ya hana Inna duk wani abinci mai nauyi. Ba tuwo, ba ganye, ba fura, sai ruwa da shayi ba madara da romon da aka tace. Yayana ya sayi ƙosai mai zafi ta taga ya buɗe a gabanta, ƙamshi ya cika motar, ko a jikinsa. Wata mata da ke kusa da mu ta lura Inna ba ta ci ba, ta fito da gorar fura ta yi ta roƙonta ta kurɓa. Da na ce likita ya hana, sai motar gaba ɗaya ta koma asibiti. Wannan ya ce zuma da habbatussauda, wancan ya ce akwai mai magani a wajen Dawakin Tofa da ya warkar da kakarsa. Har mai zabbi sai da ya rubuta mana nasa da baki.

Daga Ƙofar Ruwa muka ɗauki adaidaita sahu zuwa Rijiyar Zaki. Na daɗe rabona da unguwar. Inda na san gonakin rogo yanzu duk benaye ne da ɗakunan hayar ɗalibai, ko'ina mai shayi da taliya da ƙwai, ko'ina mai cajin waya. Gwaggo ta tarbe mu da dambu da farfesun kaza, ta kuma ji haushi sosai da matar wanta ta shigo gidanta ta ƙi cin komai. Sai da na yi mata bayani sau uku, ta ce ita ba ta taɓa jin asibitin da ake zuwa da yunwa ba.

Bayan la'asar Inna ta fara shan maganin. Ruwa ne cikin jarka, ɗanɗanonsa kamar an jiƙa kanwa da gishiri. Na ɗan taɓa a harshena sai da na runtse ido. Ita kuwa kofi bayan kofi, kowanne da bisimilla, ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Daga nan sai zarya tsakanin tabarma da banɗaki, ina riƙe da buta ina riƙe da ita. Da gari ya waye ta sha ragowar kamar yadda aka ce, har abin da ke fita ya koma ruwa garau. Ina faɗar wannan ne don ku san tsohuwar nan ta yi nata, ta yi shi cif, da ɗan jikin da ya rage mata.

Mun isa asibiti ana share baranda. Benci biyu ne a ƙofar ɗakin, mutane suna ta taruwa, kowa fuska a yamushe, don duk cikinsu babu wanda ya karya. Wata nas ta karɓi katinmu, ta dubi Inna sama da ƙasa, ta ce da ita za a fara. Na ce alhamdu lillahi, ashe sammako ya yi rana.

Muna zaune sai ga sallama a muryar da na sani. Alhaji ne, surukin Inna. Ɗansa ne ke auren autarmu. Babban ɗan kasuwar hatsi ne a Ɗambatta, mutum mai jiki, irin wanda in ya zauna a benci sai na gefe ya gyara. Ashe likitan da ya turo mu shi ya turo shi, kuma da yake ranar aikin ɗaya ce, sai muka haɗu. Yana tafe da babban ɗansa da direba. Ina ganinsa na dubi Inna, na ga ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta sauko daga benci ta durƙusa a siminti. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ya gida, ya damina, ya iyali, amma babu wanda ya tambayi wani me ya kawo shi. Kowa ya sani, kuma kowa ya san ta inda ake aikin.

Ba a jima ba nas ta leƙo ta kira sunan Inna. Inna ta yi kamar ba ta ji ba. Ta sake kira. Na miƙe zan kama hannunta, sai na ji ta matse min yatsu da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta raɗa min, “Ke, zauna. Ni ce zan shige gaban Alhaji? A irin wannan ɗakin?”

Kafin in buɗe baki yayana ya riga ni. Ya ce wa nas, “Ta ɗan zaga, Sista. Ga Alhaji nan, a fara da shi.” Inna tana zaune a gabanta, amma da yake fuskar a rufe take, ga kuma mata da yawa, nas ba ta gane ba. Alhaji ya ɗan yi ja-in-ja irin na al'ada, “A'a, a'a, ai kun riga mu.” Sai ɗansa ya kawo hujjar da ta gamsar da kowa a bencin. Ya ce, “Ai Hajiya ba jiki ne da ita ba, nata kamar ƙiftawar ido ne. Na Baba ne zai ci lokaci, kun ga yanayinsa. Gara a sallame shi, ita ko yaushe ta shiga yanzu za ta fito.” Mutane suka gyaɗa kai. Wani ma ya ƙara da cewa ai siriri hanyarsa a miƙe take. Kun ji fa, masana hanji, a kan benci.

Alhaji ya shiga. Ban gama huce haushin yayana ba sai ga Alhaji an turo shi a keke, yana lumshe ido yana murmushi, an gama. Na tafi wurin nas na ce to ga mai lamba ɗaya ta dawo. Ta ce wanda aka kira bai amsa ba ƙarshen layi yake komawa, haka tsarin yake. Ban ga laifinta ba. Na juya ga mutanen benci ina roƙo, su ma ban ga laifinsu ba. Wani daga nesa ya taho da mahaifinsa, wata tun jiya take kwance a baranda, kowa da yunwarsa da tsoronsa. Wa zai ba ka wurinsa bayan ya ga da idonsa kai ka bayar da naka kyauta?

Rana ta ɗaga, barandar ta ɗau zafi. Nas ta ce waɗanda ke can baya za su iya ɗan kurɓar ruwa tun da da sauran lokaci. Na kawo wa Inna, ta kawar da kai. Alhaji yana kwance a ɗakin hutawa da ke kallonmu, ƙofa a buɗe, ɗansa yana kai da kawowa, ita kuma ba za ta ɗaga kofi a gaban suruki ba. Cikinta ya murɗa, na gani a fuskarta, amma ba za ta tashi ta nufi banɗaki suna kallo ba. Haka ta zauna a takure, leɓɓanta suka bushe suka yi fari. Sai da suka zo suka yi mana sallama, Alhaji ya sa albarka, mota ta ja, sannan ta nemi ruwan. Lokacin kuma nas ta ce ya yi kusa, ba a sha.

Sai bayan azahar aka shiga da ita. Yayana ya dubi agogo ya ce bari ya je ya tsayar mana da adaidaita, tun da yanzu za ta fito. Mai adaidaita ya jira, ya gaji, ya yi tafiyarsa. Barandar ta watse, ya rage daga mu sai mai shara. Aka kira la'asar a masallacin asibiti Inna ba ta fito ba. Ina jin motsi a ciki, ana cewa a juya ta, a danna nan, a ɗaga can. Sau ɗaya na ji muryarta, siririya, tana kiran sunan Allah. Ban san lokacin da na tashi na dafa ƙofar ba.

Da likitan da ya yi aikin ya fito, gumi ya jiƙa masa hula. Tambayar farko da ya yi ita ce, “Wa ya mayar da baiwar Allahn nan baya? Ni na ce a fara da ita.”  Yayana ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa.

Ya zaunar da mu ya yi mana bayani a hankali, kuma ina so ku ji shi, don na tabbata da yawanku tunanin mutanen benci kuke da shi. Ya ce hanji ba miƙaƙƙen bututu ba ne, lanƙwasa ne da kwana-kwana. A jikin mai ɗan kitse, kitsen cikin yakan tallafe hanjin ya riƙe shi, sai tiyon ya wuce ba gardama. A jikin wanda ya rame sosai babu abin da ke riƙe shi, ana turawa yana naɗewa kamar igiyar guga, sai an ja baya, an warware, an sake. Ya ce sau da yawa na mata ya fi na maza wahalar bi, na tsofaffi ya fi na matasa, kuma wanda aka taɓa yi wa tiyata a ciki hanjinsa kan manne a wasu wurare ya ƙi ba da hanya. Inna ta haɗa duka huɗun, don da tiyata aka ciro autarmu, ita wannan da ke gidan Alhaji. Ya ce mai ƙiba ma yana da nasa, juya shi aiki ne, danna cikinsa aiki ne, kuma sai an sa ido a kan numfashinsa in an ba shi maganin barci, saboda haka ba doka ba ce a ce kullum na wane ya fi sauri. Abin da dai ba ya yiwuwa shi ne mutum ya zauna a baranda ya kalli jikin wani ya yanke masa lokaci.

Shi da ya ga katinta ya san aikinta zai ja, kuma ya san ba ta da ƙarfin jira, shi ya sa ya sa ta farko, tun tana da sauran ruwa a jiki. Zuwa lokacin da ta shiga jininta ya yi ƙasa, bai isa ya ƙara mata maganin rage zafi ba, ga hanji yana naɗewa. Ya wuce rabi da ƙyar, ya ga in ya matsa zai iya yi mata illa, ya janye. A inda ya gani akwai ɗan basir, amma ya ce wannan bai isa ya jawo irin ramar nan da ƙarancin jinin nan ba. Can ciki, inda ya fi son gani, bai kai ba. Sai ta huta, ta ci abinci ta ɗan murmure, ta sake shan maganin nan daga farko, mu dawo. Ya ba mu wata ranar, ya ce kada mu wuce ta.

Wallahi na cika har na rasa inda zan sa kaina. Aka ɗaura wa Inna ƙarin ruwa, na fito waje na samu yayana. Ya ce min, “Haka Allah ya ƙaddara, sai haƙuri.” Na ce, “Yaya, na yarda da ƙaddara. Amma ba ƙaddara ce ta buɗe baki ta ce wa Sista Inna ta zaga ba.” Ya ce ni ba ni da ta ido, so nake a ce gidanmu ba su san girman suruki ba, kuma in tuna ƙanwarmu a hannunsu take. Na ce uwarmu fa, a hannun wa take? Ya juya ya tafi sayen lemo.

Muka sake kwana gidan Gwaggo. A wannan karon ta samu yadda take so, ta dama kunun gyaɗa ta zauna a kan Inna sai da ta shanye. Da safe muka kamo hanyar gida. Motar dawowa ba ta cika kamar ta zuwa ba, an sa Inna a gefen taga, ta jingina kai tana kallon gonaki. A hanya an fara yankan gero, an jera shi a kunya yana shan rana, mata suna roron wake. Masu tallar gyaɗa dafaffiya da rake suka yi ta zuro hannu ta taga duk inda muka tsaya. Na saya mata gyaɗa, ta riƙe a hannu har Ɗambatta ba ta ɓare ko ɗaya ba. 

Muna sauka daga babur mata suka cika gidan, ana ta sannu da hanya. Duk wadda ta tambaya, Inna ta ce, “An duba, an gama lafiya, alhamdu lillahi.” Can sai ga autarmu da kwanon farfesu daga gidan Alhaji, da saƙon godiya. An cire masa ɗan wani abu ƙarami, an ce ba na damuwa ba ne, har ya fita kasuwa. Wai ya ce bai taɓa ganin mace mai kara irin Inna ba. Inna ta ji daɗin maganar nan har fuskarta ta yi haske, ni kuwa na tashi na bar wurin kada bakina ya jawo min.

Da mutane suka watse ta kira ni ɗaki. Ta ce, “Abin da likitan nan ya faɗa, ya tsaya tsakaninmu. Kada ki kuskura ya je kunnen gidan Alhaji.” Na ce to, amma ai za mu koma. Ta ce, “Ba inda za ni. In na koma za a tambayi dalili, in aka ji dalili mutumin nan zai ji kunya, ya ga kamar shi ya jawo. Ba zan sa surukina a wannan hali ba.” Na ce, “Inna, in ciwon yana can inda ba a kai ba fa?” Ta gyara filo ta juya min baya ta ce, “To ai ba Alhaji ne ya sa min shi ba.”

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da yawa, amma ya ƙona ni. Idan ma'aikatan asibiti suka jera marasa lafiya, akwai abin da suka gani wanda mu ba mu gani ba, kada wani ya gyara musu da ido. Ramammen tsoho ba shi ne mai saurin fitowa ba, sau da yawa shi ne ya fi buƙatar safiya da lokaci. Kara kuma abu ne mai kyau, da ita aka raine mu, ina alfahari da ita a wurin biki da rabon nama da shiga mota. Amma a ƙofar ɗakin likita ba kujera kake bayarwa ba, lafiyarka ce, kuma wanda ka ba wa ma bai san abin da ya karɓa ba.

Ranar da likita ya ba mu tana matsowa. Na roƙi Inna, Gwaggo ta yi mata waya, limamin unguwa ya yi mata nasiha, duk ta ce a'a. Na zauna na lissafa, a duniyar nan mutum ɗaya ne ya rage wanda ba za ta iya yi wa musu ba. Tun jiya take daka yajin da za a kai wa Alhaji na dubiya, tana yi tana hutawa saboda taɓaryar ta yi mata nauyi. Ta tambayi wa zai kai, na ce ni. Ta ji daɗi, ta ce ashe na fara hankali. Zan durƙusa in gaishe shi yadda ta koya min, in ajiye yajin a gabansa, sannan in gaya masa komai.